Yadda Nake Ɗaure Igiyar Tanti Da Ƙulli Mai Tafiya

Tantin da ka kafa da la'asar ba haka za ka same shi da asuba ba. Yadin da ka bari a miƙe sambal, da raɓa ta sauka sai ya yi ciki. Igiyar da ka ja ta yi tamau, ka taɓa ta ka ji ta saki. Babu wanda ya taɓa maka komai. Zafi da sanyi da danshi ne ke sauya wa yadi da igiya tsawo, iska kuma ta kwana tana jijjiga turaku har ƙasar da ke riƙe da su ta ɗan buɗe. Don haka duk wanda ya tamke igiyar tantinsa da ƙullin da ba ya motsi ya jawo wa kansa aiki: ko dai ya tsuguna cikin duhu yana fama da jiƙaƙƙen ƙullin da ya cije, ko ya tumɓuke turke ya sake kafa shi a gaba.

Akwai ƙulli ɗaya da ke raba mutum da wannan wahala. In ka kama shi da yatsu ka tura, sai ya bi jikin igiya ya tafi; in ka sake shi nauyi ya hau kansa, sai ya tsaya cak. A littattafan Ingilishi sunansa taut-line hitch, ko da za ka so ka nemi hotonsa. Ni dai ƙulli mai tafiya nake ce masa. Tsohon ƙulli ne na matuƙa jirgin ruwa, 'yan sikawut na Amurka ma yana cikin ƙulle-ƙullen farko da ake buƙatar yaro ya iya.

Na san yawancin tantunan yanzu suna zuwa da 'yan robobi masu huji a jikin igiyoyinsu, waɗanda ke yin wannan aikin. Ba ni da faɗa da su. Amma suna karyewa in an taka, suna ɓacewa, kuma ranar da ka ƙara wata igiya mai kauri daban ko ka so shimfiɗa tamfol tsakanin itatuwa, ba su da amfanin da za su yi maka. Ƙulli kuwa yana hannunka duk inda ka yada zango.

Kafin mu kama igiya, mu yi wa sassanta suna don kada bayani ya rikice. Ɓangaren da ya taso daga tanti ya nufi turke, shi zan riƙa kira uwar igiya. Shi ke ɗauke da nauyi. Bakin da ke hannunka, wanda kake naɗawa da zurawa, wutsiya ke nan. In ka kewaya turke ka dawo, igiyar ta zama ƙafa biyu, ɗaya mai zuwa ɗaya mai dawowa, kuma filin da ke tsakaninsu shi ne ƙawanya. Duk maganar "ciki" da "waje" da za ka ji nan gaba, ciki da wajen ƙawanyar nan nake nufi.

Yadda ake ƙulla shi

Ka tsuguna gefen igiyar, tanti a hagunka, turke a damanka. In bahago ne kai, ka juya komai, ƙullin bai damu ba. Ka kewaya turken da wutsiya ta yadda za ta dawo ta gefen da kake, ta kwanta kusa da uwar igiya tana fuskantar tanti. Ka jawo ta da yawa. Ni nakan bar ƙawanyar ta kai kamar santimita 30 zuwa 40 daga turke, sannan in rage wani santimita 30 a hannu na ƙulli. Mai koyo ya fi yawan shan wuya saboda rowar wutsiya, ya zo naɗi na ƙarshe ya tarar babu abin kamawa.

Yanzu ka ɗora wutsiyar a kan uwar igiya, ta tsallaka can gefen da ba naka ba, ka bi da ita ta ƙasa, ka fito da ita ta cikin ƙawanya. Naɗi na ɗaya ke nan.

Ka sake yin haka: sama, baya, ƙasa, ta fito cikin ƙawanya. Amma wannan naɗi na biyu ya kwanta a daman na farko, wato ya fi shi kusa da turke. Su jeru kafaɗa da kafaɗa, kada ɗaya ya hau ɗaya.

Sai ka ɗauko wutsiyar ka yi hagu da ita, ta haye ƙafar da ta dawo daga turke, ta fita waje, gefen tanti. A nan za ka yi naɗi na uku, kuma hanyar da na farkon biyu suka bi ita zai bi: ta kan uwar igiya, ta baya, ta ƙasa. Da ta zagayo, ka fito da ita ta 'yar kafar da ta samu tsakanin jikinta da uwar igiya, yadda za ta danne kanta. Shi ke nan. Biyu ciki, ɗaya waje. Wannan jimlar ita nake sa duk wanda nake koya wa ya riƙa faɗa yana naɗawa, har hannunsa ya haddace.

Ga yadda za ka gane ka yi daidai. In ka duba ƙullin, ƙafar da ta dawo daga turke tana shiga ta gefenka, wutsiya kuma tana leƙawa ta ɗaya gefen, sun ba juna baya. Akwai kuma igiya ɗaya da ta gitta a kan naɗin daga ciki zuwa waje. In ka ga wutsiya da ƙafar sun fito gefe ɗaya, naɗi na ukun ka juya. Wannan ma ƙulli ne da aka sani, yana aiki, har ya fi rage murɗewar igiya, sai dai ya fi wuyar tsukewa da kyau. Ka fara ƙwarewa a na asalin tukuna.

A nan ne fa nake so ka dakata, domin nan mutane da yawa ke barin aikin rabi. Gama naɗi ba gama ƙulli ba ne. Ƙullin da aka naɗa daidai aka bar shi sako-sako zai zame kamar ba a yi komai ba, mai shi kuma ya ce ƙullin ne ba ya riƙo. Ka sa babban yatsa da manuni ka matse naɗin uku su haɗu wuri ɗaya. Ka ja wutsiya. Ka ja ƙafar da ta dawo daga turke. Ka sake jan wutsiya. Ka bi naɗin ɗaya bayan ɗaya kana kwashe sakin da ke cikinsu, har ka ga sun rungumi uwar igiya babu kafar da haske zai ratsa. Wutsiyar da ta rage kada ta gaza faɗin yatsu huɗu, saboda iska tana kaɗa igiya dare guda, gajeriyar wutsiya kuwa a hankali take janyewa. Sai ka gwada: ka kama uwar igiya ta gefen tanti ka fizge ta da ƙarfi. In ƙullin ya ɗan karkace ya cije, ya yi. In ya biyo ta, ka koma ka sake tsukewa kafin ka zargi komai.

Ja da sassautawa

Don ka ƙara tauri, ƙullin za ka tura wajen tanti, ƙawanya ta ƙara girma. Don ka sassauta, ka dawo da shi wajen turke. Sabon shiga yakan ɗauka akasin haka ne, ya yi ta tura ƙulli ƙasa yana mamakin igiya na ƙara saki.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, nan ma haka ne. Da hannu ɗaya ka kama uwar igiya a saman ƙullin ka jawo ta wajen turke, nauyi ya sauka daga kan ƙullin. Da ɗaya hannun ka damƙi ƙullin gaba ɗayansa, ba wutsiya ba, ba ƙafa ɗaya ba, ka zura shi sama. Ka fara sakin ƙullin, sannan ka saki uwar igiya a hankali, nauyi ya hau shi ya zauna. In ka yi ƙoƙarin tura shi alhali igiya na ɗaure tamau, kana kokawa ne da riƙon da kai da kanka ka nema, kuma gogar da za ta faru tana cin jikin igiya.

Wani abu da ya kamata ka sani: tafiyar ƙulli ba ita ce raguwar igiya ba. Tunda ƙawanya ƙafa biyu ce, in ka tura ƙullin santimita 20 a jikin uwar igiya, tsawon da ke tsakanin tanti da turke santimita 10 kawai zai ragu. Wannan alheri ne, don yana ba ka damar gyara kaɗan-kaɗan. Amma yana nufin dole ka bar wa ƙullin filin tafiya. Kada ka ƙulla shi dab da tanti, in dare ya yi ka so ƙara ja ka tarar ya kai bango. Kada kuma ka manna shi da turke, ka rasa wurin sassautawa. Ni nakan so in gama kafa tanti ƙullin yana wajen kashi ɗaya cikin uku na tazarar, daga gefen turke.

Dalilin da ya sa biyun suke ciki

In ka fahimci wannan, ba za ka sake mantawa da tsarin ba, ko da shekara ta wuce ba ka taɓa igiya ba. Ka tambayi kanka: wace igiya ce ke jan ƙullin, kuma ina take jan sa? Ƙafar da ta dawo daga turke ce, kuma wajen turke take jan sa. To a gefen da ake ja, can ake buƙatar birki. Shi ya sa naɗi biyun suke gefen turke. Suna aiki kamar yatsun da suka damƙi igiya: gwargwadon jan da ake yi, gwargwadon ƙarin damƙar. Na ukun da ke waje ba shi ne mai riƙo ba, aikinsa ya kulle wutsiya kada biyun su warware.

Ka lura kuma da abin da ke faruwa in nauyi ya hau. Jan yana zuwa ne ta gefe ɗaya, sai ƙullin ya karkata, ya ɗan lanƙwasa uwar igiya a daidai wurin. Wannan 'yar lanƙwasar tana cikin abin da ke hana zamewa. Da ka kama ƙullin da hannu ka miƙar da shi, lanƙwasar ta tafi, shi ya sa yake tafiya salin-alin. Sannan ga wani sauƙi: nauyin da ke kan uwar igiya yana rabuwa tsakanin ƙafafun ƙawanya biyu, don haka kusan rabinsa kawai ƙullin ke riƙewa.

Wanda ya yi biyu waje ɗaya ciki zai samu abin da ya yi kama da ƙullin a ido, amma birkinsa na gefen da ba a ja. Zai iya tsayawa da rana lokacin da iska ba ta motsi. Da dare sai ya sulale.

Wanda na fi so in iska ta yi ƙarfi

Ƙullin yana da ɗan'uwa da ya fi shi cizo, kuma bambancinsu naɗi ɗaya ne tak. Clifford Ashley, Ba'amurken da ya tattara ƙulle-ƙulle kusan 3,900 a littafinsa na 1944, ya jera su kusa da juna: wanda na gama bayani shi ne lamba 1856, wannan kuma lamba 1855, ana kiran sa midshipman's hitch.

Naɗi na farko iri ɗaya ne. A na biyu, maimakon ka kwantar da shi a gefen turke, sai ka haye da wutsiya ta kan inda ƙafar ta fara tsallaka uwar igiya, ka zagayo ta gefen tanti, ka fito cikin ƙawanya ta yadda naɗin zai cusa kansa tsakanin na farko da ƙafar da ta dawo daga turke. Ka ja wutsiyar wajen tanti da ɗan ƙarfi, za ka ji ya shige ya maƙale. Sannan ka rufe da naɗin waje kamar da.

Abin da nake ƙauna a wannan shi ne tun a naɗi na biyu yake kama nauyi. Ka ga in kana fama da tamfol iska na fizgar sa, kana iya ja, ka cusa naɗin, igiyar ta tsaya, ka samu sararin numfashi kafin ka kulle. Kuɗin da kake biya shi ne ya fi ɗan taurin turawa. A igiyoyin da ke fuskantar iska shi nake sawa. Sauran kuma na farkon ya wadatar.

In kana son kwancewa cikin sauri, a naɗi na ƙarshe kada ka zura bakin wutsiya, ka ninka ta ka zura ninkin. Da safe jan baki ɗaya ya isa. Amma ka sani wannan sauƙin bai bambanta hannunka da reshen da ya kamo wutsiyar ba, ko ɗan yaron da ya ga abin ja.

Igiyar ma tana da nata hali

Ƙullin nan da goga yake rayuwa, don haka irin igiyar da ka kawo tana da magana a ciki. Igiyar da jikinta ke da ɗan kaushi kuma take lanƙwasuwa cikin sauƙi ita ce abokiyarsa. Don tanti na mutum biyu zuwa huɗu, mai kaurin milimita 2 zuwa 4 ta isa. Igiyar laimar sauka daga jirgi da ake sayarwa da sunan paracord 550 tana riƙe ƙullin da kyau; ta nailan ce, kaurinta kusan milimita 4, an yi ta ta ɗauki fam 550, wajen kilo 250. Irinta ce ma 'yan sama jannatin kumbon Discovery suka yi amfani da ita a 1997, suka ɗaure facin da suka yi wa rufin madubin hangen nesa na Hubble. Aibinta ɗaya a wurin tanti: nailan yana miƙewa, kuma yana ƙara miƙewa in ya jiƙe. Ta foliyesta ba ta miƙewa sosai, ruwa ma bai cika dame ta ba, shi ya sa na fi son ta a igiyoyin gefe.

Masu ba da wahala su ne masu santsi. Igiyar roba mai sheƙi, irin wadda ba ta nitsewa a ruwa, tana da tauri da sulɓi, naɗi ba ya kwanciya a jikinta. Haka siririyar igiyar Dyneema, wani irin zaren roba, wadda ba a yi mata rigar saƙa a waje ba. Ƙarfinta ba a magana, amma ƙulli mai tafiya yakan zame a kanta. Maganin farko shi ne ƙarin naɗi a ciki: uku ko huɗu maimakon biyu, duk suna tafiya wajen turke, sannan ɗaya a waje. In duk da haka tana zamewa, kada ka ɓata dare, igiyar ce ba ta dace ba. Sabuwar igiya ma takan yi santsi a farko, sai ta ɗan sha hannu da ƙura take fara kamawa.

Ka kula da bakin igiya. In ta nailan ce ko foliyesta, ka ɗan haska mata ashana ko laita bakin ya narke ya haɗe, amma kada ka taɓa da yatsa yana zafi, yana mannewa a fata. In ta auduga ce ko rama, wuta ba ta narkar da ita, sai ka naɗe bakin da zare. Wutsiyar da ta tarwatse ba ta shiga 'yar kafar naɗi na uku sai da rigima.

Ɗaya bakin, da turken

A gefen tanti ana son ƙullin da ba ya motsi ko kaɗan. Mafi sauƙi: ka zura igiya cikin kunnen tanti, wato ɗan madaurin da aka ɗinka don haka, ka kewaya shi sau biyu, sannan ka yi naɗi mai danne kai guda biyu a jere a jikin uwar igiya, duka hanya ɗaya. In ka iya ƙullin bowline, mai yin ƙawanyar da ba ta motsi, shi ma wurinsa ke nan.

Akwai lokacin da nake juya tsarin, in ɗaure bakin da ba ya motsi a turke ko itace, in kawo ƙulli mai tafiya gefen tanti. Ina yin haka in turken yana cikin ciyawa mai ƙaya, ko in tamfol ne nake so in riƙa gyara shi daga ƙarƙashi ba sai na fita cikin ruwa ba. Dokar ba ta canja ba: biyu cikin ƙawanya, ɗaya waje. Sai dai in kunnen na yadi ne ba zoben ƙarfe ba, ka riƙa sauke nauyi sosai kafin ka tura, don igiya mai gogawa tana cin yadi.

Turke kuwa, komai kyan ƙulli in ya tumɓuke an koma gidan jiya. Ka kafa shi kansa ya ɗan kauce wa tanti, ba ya sunkuya masa ba, ka buga shi ya shige har ya rage ɗan abin da igiya za ta kama. Ƙawanyar ta zauna can ƙasa dab da ƙasa. In ta hau saman turke, jan igiya na samun ƙarfin banƙare shi. Nisan turken daga tanti ya zama igiya ta sauko da karkatar kusan digiri 45. In ya matso da yawa, ƙasa kawai take jan tanti, ba ta tare iskar gefe. Kuma igiyar ta bi layin ɗinkin da ta taso daga gare shi, kada ta ja shi a karkace.

A rairayi turke siriri ba ya riƙo. Ka nemi guntun ice mai kauri kamar tsawon kamu ɗaya, ka kewaya shi da igiya, ka haƙa rami mai zurfin santimita 30 ko fiye, ka kwantar da shi a gicciye, ka binne ka tattake. Ka tabbata ƙafafun ƙawanya biyu sun fito waje da tsawo, ƙullin yana sama inda hannu zai kai. A kan dutse inda ba a iya buga komai, babban dutse mai nauyi shi ne turkenka, amma ka duba kada kaifinsa ya yanke igiya.

Lokacin da za ka zagaya

Ka fara kafa kusurwoyin tanti, ka tayar da sanduna, sannan igiyoyi. Gefen da iska ke busowa shi ne farko. Kada ka ja ɗaya ka ƙure ta kafin ka ɗaura kishiyarta, tantin zai karkace, zif ya ƙi rufuwa. Ka ɗaura duka da sauƙi-sauƙi, sannan ka zagaya kana ƙara wa kowace kaɗan, wannan da mai fuskantarta, har yamutsewar yadi ta ɓace. Nan za ka tsaya. Ina ganin mutane suna ja har sanda ta lanƙwashe, ɗinki ya buɗe ido. Igiyar tanti aikinta ta hana motsi, ba ta yaga yadi ba, kuma ɗinkin da aka buɗe ta nan ruwa ke shiga.

Zagaye na biyu shi ne bayan faɗuwar rana, kafin ka kwanta, kuma abin da za ka yi ya danganta da irin tantinka. In na nailan ne, sanyi da danshi suna sa shi saki, don haka ƙara ja za ka yi, musamman rufin waje, kada ya sauko ya taɓa na ciki, domin inda suka haɗu nan danshi ke ratsowa. Da rana ta fito ya bushe zai koma ya tsuke, sai ka tuna ka sassauta in za ka bar shi a kafe. In kuwa na yadin auduga mai kauri ne, ko igiyoyinka na auduga ko rama ne, lissafin ya juya: su in sun jiƙe tsukewa suke yi. Hadari na haɗuwa ka rage musu tauri, in ba haka ba su da kansu za su zare turaku ko su ja ɗinki ya yage. Wannan gyaran gaba da baya shi ne duk dalilin ƙulli mai tafiya, kuma da shi zagayen ba ya wuce 'yan mintoci.

Tunda dare ake magana, ka ɗaura ɗan farin ƙyalle a tsakiyar kowace igiya, ko ka sayi mai zaren da ke ƙyalli in an haska tocila. Ƙafar mutum ta fi iska yawan tumɓuke turke.

Inda bai kamata ka dogara da shi ba

Wannan magana da gaske nake yin ta. Ƙulli mai tafiya ba na ɗaukar ran mutum ba ne. Kada ka hau itace ko dutse da shi, kada ka sauka rijiya, kada ka rataya wani abu mai nauyi a saman inda mutane ke kwance. An yi shi ne ya zame in an so, kuma fizga mai ƙarfi ko girgiza mai yawa na iya sa shi zamewa ba a so ba. Haka ɗaurin kaya a kan mota ba aikinsa ba ne.

Ko a zango ma yana da iyaka. Doguwar igiyar da ake miƙawa tsakanin itatuwa biyu don a rataya tamfol tana son taurin da hannu kaɗai ba ya bayarwa. Wannan aikin ƙullin direbobin manyan motoci ne, wanda ke ninka ƙarfin ja. Don kama gefen tamfol a jikin waccan igiyar kuma, ƙullin Prusik ya fi, wanda Karl Prusik ɗan ƙasar Ostiriya ya fito da shi a 1931, domin shi yana riƙo ta kowane gefe aka ja, namu kuwa gefe ɗaya ya sani.

Kwancewa babu wuya. Ka tura ƙullin wajen turke nauyi ya sauka, ka zare wutsiya daga naɗin waje, sauran biyun za su warware da kansu. In gobe ma za ka sake kafa tantin, ba sai ka kwance ba: ka sassauta, ka cire ƙawanyar daga kan turke, ka naɗe igiyar da ƙullinta. Amma duk sanda ka sake sa ta, ka matse naɗin ka ja wutsiya, domin zaman jaka yana sassauta su. Jiƙaƙƙiyar igiya kuma a shanya ta kafin a adana, musamman ta auduga da rama masu saurin ruɓewa.

Kada ka bari sai ka isa daji ka fara koyo. Ka yanki igiya mita 2, ka ɗaura baki ɗaya a wani abu mai ƙarfi, ka mai da ƙafar tebur turkenka. Ka ƙulla, ka tsuke, ka fizga, ka tura sama da ƙasa, ka kwance. In ya zauna a hannunka, ka koma ɗaya gefen igiyar, tanti a dama turke a hagu, domin a zango ba kullum za ka samu gefen da ka saba ba. Daga nan ka gwada ido a rufe, sannan da jiƙaƙƙiyar igiya, tunda a haka za ka fi buƙatar sa.